Lesin ɗin JAMB na masu son likitanci a Katsina: koyarwa akwai, amma ba su faɗa wa iyaye gaskiyar gurbi

Duk mai bin hanyar Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya daga ƙarshen shekara zuwa watan Janairu ya san yadda allunan lesin ke cika gari, kowace senta da hoton yaro sanye da farar riga da abin awon ƙirji a wuya, an rubuta maki 300 da jan fenti ɓaro-ɓaro. Ɗaya daga cikinsu zan yi magana a kai, wadda na kai ƙanwata don shirin JAMB ta 2025, kuma ni na biya ni na riƙa bibiya tun daga rijista har fitowar sakamako, ba labari aka ba ni ba. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ƙorafin nawa in ka duba kusan duk sentocin garin nan ya shafa, ba su kaɗai ba.

Yarinyar ta taɓa rubuta JAMB a 2024 ita kaɗai da tsofaffin tambayoyi a waya, ta samu 231. A unguwarmu wannan maki har barka aka riƙa zuwa yi wa Hajiya, to amma ga mai neman MBBS, wato digirin likitanci, ko ƙofar ba ta kai ba. WAEC ɗinta lafiya lau, kiredit ɗinta biyar na Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji duk a zama ɗaya suka fito, shi ya sa na ga bai kamata a bar ta ta zauna gida tana jiran tsammani ba.

Kuɗin da suka karɓa N45,000 ne na zangon gaba ɗaya, ban da kuɗin takardun da suke bugawa suna sayar wa yara, ban da na man janareta da ake karɓa duk ranar da za a shiga ɗakin kwamfuta, ban da kuɗin napep kullum zuwa da dawowa wanda in ka tara shi sai ka ga ya kusa kamo kuɗin lesin ɗin kansa. Fom ɗin JAMB kuma daban, a 2025 N8,700 ne in kana son gwajin mok, N7,200 in ba ka so. Don haka uban da zai kai ɗansa ya sa a ransa abin da aka faɗa mashi a ofis rabin lissafi ne. Ba na cewa sun cuce mu a nan, mai ya yi tsada kowa ya sani, amma da sun haɗa komai sun faɗi adadi ɗaya tun farko da ya fi, don akwai yaran da ranar kwamfuta sai su ƙi zuwa saboda kunyar ba su da kuɗin mai, alhali ranar ce ta fi kowace muhimmanci.

Koyarwa kam, tsakani da Allah, akwai ta. Malamin Kemistiri shi ne ginshiƙin wurin, dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa a makarantun kimiyya na gwamnati, baya ɗaga murya baya riƙe bulala amma in ya shigo aji tsit kake ji. Yadda yake yi shine sai ya fara warware abu da Hausa tsaf har sai ya ga kawuna sun gyaɗa, sannan ya maimaita da Turanci da kalmomin da yaro zai tarar a jarabawa, sannan ya kawo tambayoyin shekarun baya a kan wannan abin kaɗai ya ce a yi yana riƙe da agogo. Lissafin mol da ƙanwata ta gama sakandare tana tsallake shi duk inda ta gan shi, a wurinshi ta iya har tana koya wa ƙawarta a tsakar gida. Na taɓa buɗe littafinta na ga inda ya yi mata gyara da jan biro, bai rubuta amsar ba, layi kawai ya ja a ƙarƙashin inda ta manta raba nauyi da nauyin mol ɗaya na sinadarin ya rubuta "duba nan ɗiyata". Yara sama da abin da aji ya kamata ya ɗauka amma yana bin littafi ɗaya bayan ɗaya, wannan ba don albashin da ake ba shi yake yi ba.

Malamar Bayoloji ma ba baya ba. Ranar da za ta yi darasin zagayawar jini zuciyar rago ta sayo wurin mahauta ta zo da ita a leda, ta ɗora a faranti ta tsaga da reza a gabansu, ta nuna masu ɗakuna huɗun, ta sa kowa ya taɓa bangon ɓangaren hagu ya ji yadda ya fi na dama kauri, ta ce to ku faɗa min dalili. Ƙanwata ta dawo gida ranar ko hijabi ba ta cire ba tana ba Hajiya labari cewa ɓangaren hagu shi ke tura jini duk jiki shi ya sa ya fi ƙarfi, na dama huhu kawai yake kaiwa. Yarinyar da ta yi shekara uku a ajin kimiyya ba ta taɓa ganin abin da ake zana mata a allo da idonta ba sai ranar.

Fiziks ne aka samu tangarɗa. Ɗan bautar ƙasa suka sa, yaron ya san abinshi amma gudu yake kaman ana korarshi, kuma baya jin Hausa ko kaɗan to in yaro bai gane ba babu wata hanya ta biyu da zai bi da shi. Ana tsakiyar zango ya gama hidimarshi ya tafi, aka yi kwanaki ajin babu malami ana ce masu su yi bita, sannan aka kawo wani wanda ya fara daga inda ya ga dama. Ɓangaren lantarki da maganaɗisu kusan a gurguje aka bi ta kai, kuma a sakamakonta Fiziks ɗin ne ya fi kowanne ƙasa. Sentar da ta rubuta likitanci a allonta bai kamata ta jingina darasi ɗaya cikin huɗu a kan mutumin da ta san ranar tafiyarshi tun kafin ya fara ba.

Turanci kuma matsalar ba ta malamin ba ce, ta yaranmu ce tun daga firamare, kuma shine ya fi yawan tambayoyi. JAMB tambaya 180 ce, Turanci 60 sauran ukun 40 kowanne, a cikin awa 2, in ka raba daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya har da na lissafin Fiziks da Kemistiri. Yaron da sai ya karanta nassi sau uku kafin ya gane me ake nufi lokacinshi a nan yake ƙarewa ko da ya fi kowa iya Kemistiri. Malamin ya yi ƙoƙari, ya tilasta masu karanta littafin labarin da JAMB ke sakawa duk shekara babi-babi yana tambaya, ya kuma dage kan ɓangaren furuci da inda ake danna murya a kalma wanda yaranmu ke zubar da maki a banza a kai, amma wata huɗu ba za ta gyara abin da aka bari shekara goma sha biyu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ɗanka yana aji huɗu na sakandare yanzu kuma yana cewa likita zai zama, ka fara saya mashi abin karantawa na Turanci tun yau, ko jarida ce.

Ɗakin kwamfuta shine abin da ya sa na zaɓe su a kan wata senta da ta fi kusa da gidanmu, kuma ban yi da-na-sani ba. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, amma har yau akwai yaran da ranar jarabawa ce ranar farko da za su ɗora hannu a kibod. A nan an saba masu da maɓallan da ake amfani da su, A B C D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, har sai hannu ya saba ba sai an nemi linzami ba. An nuna masu ƙaramin kalkuletan da ke kan allon kwamfutar tunda ba a shiga da na hannu. Agogo yana ƙirgawa a sama kaman na gaske kuma in lokaci ya cika kwamfutar ta rufe ko kana tsakiyar tambaya. Kwamfutocin ba su kai yawan yaran ba sai an yi rukuni-rukuni, wani lokacin wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi a zauna ana fifita da takarda cikin zafin Katsina na watan Afrilu, amma duk da haka kowane yaro yana samun zama cikakke a mako kuma ana liƙa maki a bango. Wannan liƙa makin wasu iyaye sun yi ƙorafi wai tozarci ne, ni ban ga haka ba, wanda zai yi takara da duk ƙasa gara ya fara sanin matsayinshi a cikin aji.

Wasu ƙananan abubuwa da suka burge ni. Da azumi ya kama a watan Maris sun maida darasi da sassafe a tashi kafin azahar. Akwai wurin sallah na mata daban da labule da butoci, bayin mata ma daban kuma ana wanke shi. Ba a riƙe 'yan mata har magariba. Sannan kafin ƙaramar sallah sai da aka tara su aka ce kar wadda ta sa lalle a yatsu, don na'urar ɗaukar hoton yatsa ba ta karanta yatsan da lalle ya rufe kuma JAMB da kanta ta yi gargaɗi a kan haka, in yatsa bai hau ba babu shiga ɗakin jarabawa. Ƙanwata ta yi sallar nan hannu fari tana ta ƙunƙuni, amma ranar jarabawa yatsanta sau ɗaya ya hau. Rijistar JAMB ma sun taimaka, tun daga tura NIN zuwa 55019 a karɓo lambar furofayil har tabbatar da cewa sunan da ke NIN ya yi daidai da na WAEC, kuma sun ja kunne a yi amfani da layin wayar da ba zai ɓata ba don da shi za a duba sakamako.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci, kuma shine dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani.

Ranar rijistar shiga lesin babu wanda ya tambaye mu takardar WAEC ko NECO. Kuɗi da hoto biyu kawai, sai a tambayi yaro me kake son karanta, ya ce medisin, a rubuta a kai shi ajin likitoci, haka suke kiran ajin. A cikin ajin nan akwai wata ƙawar ƙanwata da ke da D7 a Fiziks, D7 kuwa ba kiredit ba ce, kiredit daga C6 yake farawa. Yarinyar ta yi wata da watanni tana zuwa, mahaifiyarta ƙosai take sayarwa ta biya mata, ba wanda ya zaunar da ita ya ce ɗiyata ko 350 kika ci babu jami'ar da za ta ba ki likitanci da wannan takardar, je ki gyara ta tukuna. Akwai wasu kuma da suka haɗa WAEC da NECO suka cike biyar ɗin, alhali jami'o'i da yawa a kwas ɗin likitanci zama ɗaya suke so. Duba wannan minti biyu ne a teburin rijista. Ba su duba ba saboda in sun duba kujera za ta ragu a ajin.

Sai taron iyaye da aka kira ana saura 'yan makonni jarabawa. Daraktan wurin ya tashi ya ce duk yaron da ya kai 250 insha Allahu ya zama likita an gama, iyaye suka ɗauki kabbara. Na ɗaga hannu na ce Malam Darakta Allah ya ƙara girma, jami'ar da yawancin yaran nan suka cike, mutum nawa take ɗauka a likitanci a shekara, kuma cikin yaran da kuka yaye bara nawa ne suke ajin MBBS yanzu. Sai ya yi murmushi ya ce Yallaɓai ai gurbi na Allah ne, mu namu koyarwa. Gurbi na Allah ne, babu musu, amma adadin kujerun a rubuce yake kuma wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan likitanci ya kamata ya san shi ya kuma faɗa.

Da aka tashi malamin Kemistiri ne ya ja ni gefe ƙarƙashin bedin da ke ƙofar wurin ya ce ɗana tambayarka tana kan hanya, ya tsaya ya warware min abin da ya kamata a ce an faɗa a cikin zauren, kuma da na bibiya daga baya na tarar haka yake. Makin da JAMB ke sanarwa bayan taronta da shugabannin makarantu, 140 a 2024 da 150 a 2025 na jami'o'i, shine mafi ƙarancin da za a iya ɗaukar mutum a kowane irin kwas, babu ruwanshi da likitanci. Kowace jami'a tana da nata makin na kowane sashe, kuma ko wannan ɗin cancantar shiga layi kawai yake ba ka. Abin da ke yanke hukunci shine kota. Hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta, jami'a ba ta da ikon ta ga yara sun yi ƙoƙari bana ta ƙara kujeru yadda ta so. Kaman motar Kano ce a tasha, in kujerunta sun cika sun cika, ko kana riƙe da kuɗin motarka a hannu sai dai ka jira wata. Gwamnatin tarayya ta ƙara kotar, a 2024 ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya sanar an ɗaga gurabun makarantun likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000, amma wannan adadin duk fannonin lafiya ne a haɗe a ƙasa baki ɗaya, MBBS wani yanki ne kawai a ciki, masu rubuta JAMB kuma sun kusa miliyan biyu a 2024 haka ma a 2025 kuma likitanci na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi.

Ga lissafin 2024 da JAMB ta fitar da kanta don a gane inda 300 ɗin da ke allon talla take. Cikin sakamako sama da miliyan 1.8, mutum 8,401 ne kacal suka kai 300, 77,070 suka kai 250, kashi 76 cikin ɗari ba su kai ko 200 ba. A 2025 ma da aka fara sakin sakamako sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, shekarar da aka samu matsalar na'ura a Legas da jihohin kudu maso gabas har shugaban hukumar Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya ba da haƙuri aka sake wa mutum 379,997 jarabawa. To 300 ba abin da ake rabawa a ƙofar lesin ba ne. Kuma juya lissafin ta ɗaya gefen, mutum dubu saba'in da bakwai masu 250 zuwa sama, da yawansu likitanci suke so, ina 250 ɗin Darakta za ta kai yaro?

Abin da ya fi ruɗar iyayenmu shine zancen ai mu 'yan Arewa ana yi mana sassauci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 na cancanta zalla duk ƙasa, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Katsina na cikinsu. Ɗan Katsina yana da ƙofofi a ABU Zariya da BUK Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, ga kuma UMYU, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, tamu ta jiha a gida. Amma wannan kason ba na unguwarku ba ne, na ƙananan hukumomi 34 ne, kana takara da ɗan Funtuwa da ɗan Malumfashi da ɗan Daura da Dutsin-Ma, da 'yan matan da suka fito daga makarantar tarayya ta Bakori da ta kimiyya ta Ajiwa, sannan ga waɗanda mutane ke mantawa da su, 'ya'yan Katsinawan da ke zaune Abuja da Kaduna da Legas waɗanda suka yi makarantun kuɗi masu ɗakin gwaji na gaske tun aji ɗaya, su ma takardar indijin ɗin Katsina ce a hannunsu kuma haƙƙinsu ne. Da waɗannan ƙanwata ke takara a kason jiha, ba da yaran ajinsu na lesin ba. Bayan JAMB kuma ga tantancewar Post-UTME wadda kowace jami'a ke da yadda take haɗa makinta, wasu har darajar kiredit ɗin WAEC suke sawa a lissafi, wato mai A1 da B2 ya fi mai C6 ko da JAMB ɗinsu ɗaya. Shirin Post-UTME ɗin ma a sentar sai an sake biyan wani kuɗi, kuma ba a faɗa mana ba sai da lokacin ya zo.

Duk wannan bayanin bai ɗauki malamin minti ashirin ba a tsaye. Me zai hana a yi wa iyaye shi ranar farko? Ba don a karya wa yaro gwiwa ba, don ya san irin gudun da zai yi, kuma ya tanadi zaɓi na biyu da hankalinshi tun kafin a zaɓa mashi. A sentar nan ba a taɓa zaunar da ajin an yi masu bayanin harhaɗa magunguna ko jinya ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ko ɗaukar hoton ƙashi ko gashin ƙashi a matsayin sana'o'i masu daraja ba, kullum likita likita, har yaro ya ɗauka in bai samu MBBS ba rayuwarshi ta lalace. Ba a yi masu maganar IJMB ba, wadda ABU ke gudanarwa kuma ga makarantar share fage ta SBRS nan Funtuwa a cikin jiharmu, hanyar da mai maki sosai zai iya neman shiga aji biyu kai tsaye duk da ita ma gurbinta kaɗan ne. Ba a faɗa masu cewa samun gurbin ma farkon aiki ne ba, shekara 6 ce, akwai tankaɗe a ƙarshen aji ɗaya, akwai babbar jarabawar Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri kafin a shiga asibiti inda makin ci 50 ne, sannan shekara ɗaya ta horon asibiti kafin bautar ƙasa.

Abin da aka kawo masu maimakon haka shine wani mutum da teburi a bakin ofis bayan sakamako ya fito, yana raba takardun karatun likitanci a ƙasashen waje, wai ba JAMB ba wahala. Wannan ya ƙona min rai sosai. Mu nan Katsina mun ga yadda yaranmu da ke karatu a Sudan suka dawo a 2023 da yaƙi ya ɓarke, wasu ta iyakar Masar bayan kwanaki a sahara, wasu suna ajin ƙarshe. Kafin nan ga na Yukren a 2022. Kuma duk wanda ya karanto likitanci a waje sai ya ci jarabawar MDCN kafin a ba shi lasisin taɓa mara lafiya a Najeriya, mutumin teburin bai ambaci wannan ba sai da na tambaye shi. Karatu a waje ba laifi ba ne, gwamnatin jiha ma ta tura ɗalibai 41 Masar karatun likitanci, amma wannan da tantancewa aka yi da hukuma a bayansu, daban yake da uba ya sayar da gona ya miƙa wa dillalin da ya gani a ƙofar lesin.

Ƙanwata ta samu 284. Daga 231 zuwa 284 aikin malaman nan ne da nata ƙoƙarin, kuma ba zan hana su haƙƙinsu ba, kuɗina a nan ya biya. Ta yi Post-UTME ta fito da maki mai kyau, amma MBBS bai samu ba. Abin da ya fito mata a CAPS, wato shafin da JAMB ta kawo tun 2017 wanda duk wani gurbi na halal sai ya bi ta cikinshi, tayin canja ta zuwa wani kwas ne na kimiyya zalla. Ranar ta yi kuka har ta ƙi cin abinci, tana cewa Yaya ai an ce 250. Nan ma malamin Kemistiri na kira, ya ce kar ta yi saurin dannawa da tunanin za ta shiga ta tsallaka likitanci daga baya, tsallakawar nan ba ta da tabbas ko kaɗan, ya ce da makinta gara a yi canjin kwas tun da sauran lokaci zuwa abin da za ta iya riƙewa a matsayin sana'a. Muka je sentar CBT, wato wurin jarabawar kwamfuta mai rijista da JAMB, aka canja mata zuwa kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, muka kuma tabbatar sakamakon WAEC ɗinta ya hau shafin JAMB, don akwai yaran da makinsu ya kai amma ba a duba su ba saboda kawai ba su ɗora takardar ba, wannan ma a lesin ba a tuna masu ba. Alhamdu lillahi ta samu, shekara 5 ce, ta fara kuma tana jin daɗin karatun.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai ɗansa wurin zan ce ya kai, in dai takardar sakandaren yaron ta cika kuma kai uba ko wa ka ɗauki nauyin binciken gurbi da kanka, ka buɗe ƙasidar JAMB ka karanta sharuɗɗan jami'ar da za a cike, ka tambayi ɗaliban da ke ajin likitanci a can da wane maki suka shiga, ka kuma tambayi sentar tun kafin ka biya wane ne malamin Fiziks kuma zai kai ƙarshen zango ko a'a. In takardar ba ta cika ba kuɗin nan ka kai su rijistar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu tukuna.

Ita dai har yanzu zuciyarta ba ta saki MBBS ba, tana cewa za ta sake gwadawa sau ɗaya tana cikin makaranta tunda sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki. Na ce mata in ta tsaya a kan haka zan biya mata fom, zan kuma je in roƙi sentar su bar ta ta riƙa shiga ɗakin kwamfuta da ajin Kemistiri kawai lokacin hutu, Fiziks kuma zan nemo mata malami a gida.